Me Ya Sa Har Yau Ba a Gaji da James Bond Ba?

Matuƙin keken da ke ɗaukar fasinja daga Mile Six zuwa babbar kasuwar Jalingo ba lallai ne ya san cewa irin abin hawansa ya taɓa tserar da ɗan leƙen asirin da ya fi kowanne suna a duniyar fim ba. A cikin Octopussy, wanda ya fito a 1983, James Bond ya cinye wani attajiri a caca a birnin Udaipur na Indiya, yaran attajirin suka biyo shi, shi kuwa ya faɗa cikin keke mai ƙafa uku. Mai tuƙin shi ne Vijay Amritraj, shahararren ɗan wasan tanis. Mai biye da su da bindiga kuwa Kabir Bedi ne, wanda masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa suka sani da mugun mijin nan da ya jefa Rekha ga kada a Khoon Bhari Maang. Aka yi ta kutsawa cikin kasuwa ana ture rumfuna, har Bond ya watsa kuɗin da ya ciyo sama, jama'a suka cika hanya suna wawaso, masu binsa suka rasa ta inda za su wuce.

Wannan shi ne fim na 13 a jerin. Bayansa an ƙara 12, jimla 25 ke nan daga kamfanin Eon, tun daga Dr. No na 1962 zuwa No Time to Die na 2021. Mutum shida ne suka fito a matsayin Bond: Sean Connery, George Lazenby, Roger Moore, Timothy Dalton, Pierce Brosnan da Daniel Craig. A Arewa kowane zamani da hanyar da ya san shi. Dattawan da suka yi ƙuruciya a manyan birane sun gan shi a majigin silima, irin su Rex da Palace da Plaza na Kano, inda ake jera fim ɗin Turawa da na Indiya da na Sin a ranaku daban-daban. 'Ya'yansu sun same shi a kaset ɗin bidiyo da gidajen kallo, daga baya a faifan nan da ake cusa wa fim goma ko fiye, sannan a tashar MBC 2 ta tauraron ɗan'adam. Matashin Jalingo na yau, a Magami yake ko Sabon Gari ko Mayo Gwoi, wayarsa kawai zai miƙa wa mai tura fina-finai. Da yawa daga cikin waɗannan masu kallo ba sa kama Turancin da ake yi, balle barkwancin Ingilishi da ke cikinsa, amma hakan bai taɓa hana su bin labarin daga farko har ƙarshe ba.

Wanda ya ƙirƙiro Bond shi ne Ian Fleming, Baturen Ingila da ya yi aiki a sashen leƙen asiri na rundunar sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A gidansa na Jamaika ya rubuta littafin farko, Casino Royale, aka buga a 1953. Sunan jarumin ma aro ya yi daga wani Ba'amurke masanin tsuntsaye da littafinsa ke ajiye a gidan. Kafin rasuwarsa a 1964 ya rubuta abin da ya zama littattafai 14. Albert Broccoli da Harry Saltzman ne suka mayar da labarin fim, da kuɗin da bai wuce dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, aka fara nuna Dr. No a Landan ranar 5 ga Oktoba, 1962.

Yana da kyau mai karatu ya lura da wannan lokacin. Birtaniya ta sha kunya a rikicin mashigin Suwez a 1956. Manyan jami'anta biyu, Guy Burgess da Donald Maclean, sun gudu Mosko a 1951, Kim Philby ya bi su a 1963, aka gane ashe Tarayyar Sobiyet suke wa aiki. Nijeriya ta karɓi 'yancinta a 1960. Yankunan Mambila da Gashaka, waɗanda yau suke cikin Jihar Taraba, sun fita daga riƙon amanar Birtaniya a 1961 bayan ƙuri'ar raba gardama. Jamaika kanta, inda aka ɗauki Dr. No, ta samu 'yanci a watan Agustan 1962, wata biyu kafin fim ɗin ya fito. Daular tana zagwanyewa a zahiri, a majigi kuwa ga Bature ɗaya tilo yana ceton duniya, Amurka da duk ƙarfinta tana yi masa ɗan rakiya. Wannan shi ne lallashin da Bond ya yi wa mutanen Ingila. Amma bai isa ya bayyana dalilin da ya sa mutumin Bombay da na Alƙahira da na Jalingo, waɗanda ba su da asara a faɗuwar daular, suka zauna suka kalla ba.

Dalilin yana cikin ginin labarin. Tun daga Goldfinger na 1964 tsarin ya zauna daram, kuma kusan kowane fim a kansa yake tafiya. Za a buɗe da Bond yana tafe cikin da'irar bakin bindiga, ya juyo ya yi harbi. Sai wani gumurzu tun kafin a rubuta sunan fim. Sai waƙa. Sai ofishin M, shugabansa, inda za a ba shi aiki. Sai ɗakin Q, mai ƙera na'urori, wanda zai miƙa masa agogo ko alƙalami ko mota da wata ɓoyayyar hikima a ciki, yana yi masa faɗan ya dawo da kayan lafiya. Mai kallo ya riga ya san cewa duk abin da Q ya bayar sai ya yi rana kafin a tashi. Daga nan sai tafiya ƙasa-ƙasa, sai haɗuwa da bos, sai a kama Bond, bos ya tsaya yana bayyana masa shirinsa maimakon ya harbe shi nan take, sai kuɓuta, sai maɓoyar mugu ta kama da wuta.

Wanda ya taso da tatsuniyar Gizo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Yaron da ke sauraro ya san Gizo zai shiga uku kuma ya san zai fita. Abin da ya hana shi barci shi ne jin ta wace dabara zai fita a wannan karon. Haka mai kallon Bond yake. Dokar da kowane yaro ya sani a gidan kallo ita ce jarumi ba ya mutuwa, saboda haka hankalin mai kallo ba ya kan sakamako, yana kan hanya. Shi ya sa rashin jin Turanci bai cika yin illa ba. An san waye jarumi, an san waye bos, sauran aikin ido ne.

A aikin idon nan ne kuwa ingancin Bond na gaskiya yake, kuma a nan ya kamata a daɗe.

Shekaru da dama kafin kwamfuta ta iya zana duk abin da darakta ya ga dama, abin da aka gani a Bond mutum ne ya yi shi da jikinsa. A Live and Let Die na 1973 akwai inda Bond ya tsallake ruwa yana taka bayan kadoji. Kadojin na gaske ne, mai takawar kuma Ross Kananga ne, mai gonar kiwon su a Jamaika. Sai a gwaji na biyar ya haye, bayan a wani gwajin kada ya cafki ƙafarsa. Don girmama shi aka sa wa bos ɗin fim ɗin sunansa. A shekarar da ta biyo, a The Man with the Golden Gun, mota ta taso daga karyayyar gada a ƙasar Tailan, ta murɗa a sama ta yi cikakken juyi, ta dira a ɗaya gaɓar a kan tayoyinta. Injiniyoyi ne suka yi lissafin gudu da lanƙwasar gadar da kwamfuta, amma direba Loren Willert ne ya zauna a ciki, kuma ɗauka ɗaya aka yi. Abin takaici, an ɗora wa wurin wani sautin usur na wasan yara da ya rage masa kwarjini, John Barry mai kiɗan fim ɗin ma daga baya ya ce ya yi nadamar sa shi.

The Spy Who Loved Me na 1977 ya buɗe da Bond yana zamiya a kan ƙanƙara, maƙiya na binsa, har ya kai bakin dutse ya faɗa sarari. Kiɗa ya tsaya cak. Mutum yana ta faɗowa, yana faɗowa, sai can laimar sauka ta buɗe da tutar Birtaniya. Rick Sylvester ne ya yi wannan tsallen daga kan Dutsen Asgard a arewacin Kanada, bayan an yi kwanaki ana jiran iska ta lafa, kuma cikin kyamarorin da aka kafa ɗaya ce kawai ta kama shi yadda ake so. A GoldenEye na 1995 Wayne Michaels ya diro daga madatsar ruwan Verzasca ta Suwizalan, tsayin mita 220, da igiyar roba ɗaure a ƙafarsa. A Casino Royale na 2006 Adam Kirley ya wuntsila mota ƙirar Aston Martin sau bakwai a jere, abin da ya shiga kundin bajinta na Guinness.

Wannan kasada tana da farashi, kuma an biya. Mai ɗaukar hoto John Jordan ya rasa ƙafa sanadin farfelar jirgi mai saukar ungulu a wajen ɗaukar You Only Live Twice. Paolo Rigoni ya mutu a wajen ɗaukar For Your Eyes Only na 1981. Martin Grace, wanda ke shigar wa Roger Moore wuraren haɗari, ya yi watanni a asibiti bayan ya bugi bango yana rataye a jikin jirgin ƙasa a Octopussy. Duk matashin da ke sha'awar ɗaga tayar babur a titi saboda ya gani a fim, ya kamata ya san cewa waɗannan ƙwararru ne da suka yi watanni suna shiri, da likita da motar asibiti a gefe, duk da haka abin bai bar wasunsu ba.

Idon mai kallo yana gane nauyin jikin mutum idan yana faɗowa da gaske, ko da bai san yadda aka yi ba. Hujjar tana cikin jerin kansa. A Die Another Day na 2002 an ba Bond motar da ke ɓacewa, aka kuma sa shi hawan igiyar ruwa da kwamfuta ta zana. Fim ɗin ya kawo kuɗi, amma har yau masoya Bond da shi suke misali idan ana zancen lalacewa. Babban abokin hamayyar Bond, jerin Mission: Impossible da ya fara a 1996, ya gane wannan sirrin sarai, shi ya sa Tom Cruise ya hau jikin ginin Burj Khalifa na Dubai da kansa, ya kuma karya idon sawu a 2017 wajen tsallake rufin gini a Landan.

Sauran kayan haɗin ma ba na wasa ba ne. Ken Adam, mai tsara wuraren ɗauka, ya gina cikin dutse mai aman wuta a situdiyon Pinewood don You Only Live Twice, a kan kuɗin da ya kai abin da aka kashe wa Dr. No gaba ɗaya. Kiɗan da ke sanar da shigowar Bond, wanda Monty Norman ya tsara John Barry ya yi masa ado, yau har a ƙarar kiran waya ana jin sa. Waƙoƙin fina-finai uku na ƙarshe, na Adele da Sam Smith da Billie Eilish, kowacce ta ci kyautar Oscar. Desmond Llewelyn ya fito a matsayin Q a fim 17, daga 1963 zuwa 1999, ya yi aiki da Bond biyar. Su kuwa yaran bos, sau da yawa sun fi ubangidansu zama a zuciyar mai kallo: Oddjob mai hular da ke sare wuya, da Jaws, ƙaton nan mai haƙoran ƙarfe da Richard Kiel ya fito a matsayinsa, wanda farin jininsa ya sa aka dawo da shi a fim na biyu.

Gaskiya ita ce 25 ɗin nan ba duka ne masu kyau ba. Moonraker na 1979 ya kai Bond sararin samaniya don kawai Star Wars ya yi kasuwa. A View to a Kill na 1985 ya fito Moore yana da shekara 57, kuma tsufan ya nuna. Quantum of Solace na 2008 an shiga ɗaukarsa labarin bai gama nuna ba saboda yajin aikin marubuta, aka kuma yayyanka hotunan faɗan har ido ba ya iya bi. Abin da ya ceci jerin shi ne duk lokacin da ya yi nisa a shirme, masu shi sukan ja da baya su sake lale. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, da hutun shekara shida daga 1989 zuwa 1995, mutane da yawa sun ɗauka Bond ya mutu tare da Yaƙin Cacar Baka. Sai GoldenEye ya zo da Judi Dench a matsayin M, mace ta farko a kujerar, ta dubi Bond ido da ido ta gaya masa cewa shi ragowar tsohon zamani ne mai raina mata. Fim ɗin ya faɗi abin da masu suka ke shirin faɗa tun kafin su buɗe baki.

Gyara mafi girma shi ne na 2006. Daniel Craig ya zo da Bond mai zubar da jini, mai yin kuskure, mai son mace ɗaya har mutuwarta ta bar masa tabo. Skyfall na 2012, wanda Sam Mendes ya ba da umarni, ya samo fiye da dala biliyan ɗaya, kuma shi ne fim ɗin da ya fi kowanne kyawun hoto a jerin. Sannan a No Time to Die aka karya dokar gidan kallo: Bond ya tsaya a tsibiri, makamai masu linzami suka sauko, ya mutu. Ra'ayi ya rabu a kan wannan. Ga mai wannan rubutu, ƙarshen ya dace da Bond ɗin Craig, wanda aka bi rayuwarsa fim biyar a jere daga ranar da ya samu lambarsa ta aiki, 007, amma abu ne da ba za a iya maimaitawa ba. In aka mayar da mutuwar jarumi al'ada, an rushe alkawarin da ke kawo mai kallo.

Akwai kuma abin da bai kamata jin daɗin kallo ya rufe wa mutum ido a kansa ba. A Dr. No, Quarrel, baƙar fatan da ke taimakon Bond, an nuna shi matsoraci mai camfi, har Bond yana aikensa ɗauko takalmi. A Live and Let Die kusan duk miyagun baƙaƙe ne, an kuma lulluɓe su da tsafi. Afirka a idon jerin yawanci fage ce kawai: dalar Masar, kasuwannin Maroko, sansanin 'yan tawaye a Yuganda. Wurin wani tsere a Casino Royale da aka ce Madagaska ne, a tsibiran Bahamas aka ɗauke shi. A The Living Daylights na 1987 mujahidan Afganistan abokan Bond ne, domin a lokacin Rasha suke yaƙa, wanda hakan ke nuna cewa aboki da maƙiyi a waɗannan fina-finai siyasar Landan da Washintan ce ke zaɓen su. Yadda tsofaffin fina-finan ke ɗaukar mace abin ƙi ne, caca da giya kuma an yi musu kwalliya. Wasu likitocin Ingila sun bi littattafan Fleming suna ƙirga abin da Bond ke sha, suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ a 2013 cewa ya ninka iyakar da likitoci ke gindaya wa namiji fiye da sau huɗu. Mai irin wannan shan, hannunsa ba zai tsaya ya saita bindiga ba. A 2023 masu haƙƙin littattafan da kansu suka sake buga su bayan cire wasu kalmomin wariyar launin fata.

'Yan Afirka ba su tsaya a kallo kawai ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, mujallar hotuna ta African Film, ta kamfanin Drum, ta yaɗu a Nijeriya da Gana da Kenya da jaruminta Lance Spearman, baƙar fata mai kwat da hula da iya faɗa. A 1979 Eddie Ugbomah ya fitar da The Mask, inda Manjo Obi, jami'in Nijeriya, ya tafi Landan don ƙwato fuskar hauren giwar Benin daga gidan tarihin Birtaniya, wadda aka hana Nijeriya aro lokacin bikin FESTAC na 1977. Salon na Bond ne, amma an juya bakin bindigar. 'Yan makarantar shekarun 1980 kuma sun karanta Kwamanda Jack Ebony a littattafan Pacesetters. Indiya ta fara nata tun Farz na Jeetendra a 1967 da Surakksha na Mithun Chakraborty a 1979, ta kawo ga Ek Tha Tiger na Salman Khan a 2012 da Pathaan na Shah Rukh Khan a 2023. Matashin da ke kallon waɗannan da fassarar Hausa a wayarsa, jikokin Bond yake kallo ko da bai taɓa ganin Connery ba.

Kannywood ta gwada jarumi mai ɓad da kama a jerin Basaja na Adam A. Zango, kuma karɓuwar da ya samu ta nuna akwai masu jiran irinsa. Abin da za a koya daga Bond a nan bai buƙatar dala miliyan ɗari: jarumi ɗaya mai halin da aka sani, abokan aiki da ba sa canzawa, mugu mai dalili, da wurin da zai sa mai kallo ya buɗe baki. Wurin kuwa Taraba tana da shi. Hanyar da ke hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu da kwane-kwanenta, dajin Gashaka-Gumti wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya, Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, da doguwar iyaka da Kamaru, duk suna nan, alhali labarin fasa-ƙwauri da farautar namun daji ba bisa ƙa'ida ba da haƙar ma'adinai a ɓoye ba sai an aro daga waje ba.

A watan Fabrairun 2025 Barbara Broccoli da Michael G. Wilson, magadan Albert Broccoli, suka miƙa ragamar jerin ga kamfanin Amazon MGM, bayan fiye da shekara 60 yana hannun gida ɗaya. A watan Yunin 2025 aka sanar da Denis Villeneuve, daraktan Dune, a matsayin wanda zai ja fim na gaba. Fargabar masoya ita ce kada a yayyanka Bond zuwa ƙananan shirye-shirye barkatai har ya gundure, domin jiran shekara uku ko huɗu tsakanin fim da fim yana cikin abin da ya riƙe masa daraja.

Mai karatun da bai san jerin ba, ko ya san na Craig kaɗai, ya nemi huɗu: From Russia with Love na 1963, wanda ya fi kowanne kama da leƙen asiri na gaskiya, sai Goldfinger, sai The Spy Who Loved Me, sai Casino Royale. Ya kalle su a jere bisa shekarunsu, kuma ya bari sai yara sun kwanta, domin ba don su aka yi ba.